Turbo a kan EOD: injin zai ɗauka ko zai buga?

Mai EOD: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Ina da Honda Accord 2005, EOD mai fulogi huɗu, injin K24, giya otomatik. Wani abokina a Abuja ya cire kayan turbo daga motarshi yana son sayar mani, turbon kanta da manifol da bututai da 'yar ƙaramar intakula mai sanyaya iskar turbo. Ya ce in aka ɗaura za ta tashi daga doki 160 ta haura 250 ba tare da an buɗe inji ba. Na leƙa YouTube na ga Turawa suna kai irin wannan inji 300 har sama, suna tafiya lafiya lau. Abin da nake son sani, in an ƙara ma inji ƙarfi haka, me ke fara mutuwa a cikinshi? Don in san abin da zan tanada.

Direban Mashi: Aljihu ke fara mutuwa ƙanena 😂

Oga Ƙofar Ƙaura: Wa'alaikumus salam. Kafin a zo maganar turbo, ba ni labarin motar. 'Yar Kwatano ce ko a hannun wani ka saye ta? Maleji nawa? Tana shan baƙin mai? Da safe in ka tayar tana hayaƙi?

Mai EOD: A hannun wani na saya a Kano, Baba. Maleji na nuna mil 140,000 da 'yan kai. Hayaƙi babu, sai dai tsakanin juye da juye nakan ƙara kamar lita ɗaya. Tamosta, mai daidaita zafin ruwan inji, an cire tun kafin ta zo hannuna, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, da ka murɗa makulli take tashi.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Malejin nan ka bar shi a inda ka gan shi. Motar 2005 ta yi shekaru a Amurka, ta hau jirgi, ta yi wasu shekarun a Kano, sannan ta ce maka 140? Ko dai ta haura 200 aka mayar da ita baya, ko mai ita a ɗaki yake ajiye ta.

Injiniya Ɗan Daura: Bari in sa baki da izinin Oga. Abin da ka gani a YouTube ba ƙarya ba ne, K24 inji ne mai ƙwari. Amma akwai abubuwa uku da bidiyon ba ya nuna maka: fetur ɗin da suka zuba, zafin garin da suke, da mutumin da ya zauna da kwamfuta ya daidaita masu birenbos, wato kwamfutar motar, a kan daino, na'urar auna ƙarfin inji. Ka cire waɗannan ukun, lambar 300 ɗin ba taka ba ce.

Ga yadda abin yake. Turbo iska take turawa cikin silinda da ƙarfi. In ta tura rabin ba (bar, ma'aunin matsin iska), iskar da ke shiga ta ƙaru da kusan rabi, dole fetur ma ya ƙaru daidai da haka. To iska in aka matse ta zafi take yi. A watan Afrilu a nan Katsina ko Daura, iskar waje ta kai digiri 40, kafin ta fito daga turbo a rabin ba ta doshi 95. In ba ɗaya cikakke ne ta haura 130. Wannan iskar ce za ta shiga silindar da fistin zai sake matse ta kusan sau goma, don K24 na EOD 9.7 ne matsinshi. An yi shi ne don ya shaƙi iska da kanshi, ba don a ɗura mashi ba.

A ƙa'ida fulogi ya kyasta, wuta ta bazu a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ta tura fistin ƙasa. In zafi da matsi suka yi yawa, fetur ɗin da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kanshi. Shi ne finkin, ƙarar nan da kake ji kamar tsakuwa a cikin gwangwani in ka taka totur a hawa. A injin da ba turbo, finkin kan ɗauki lokaci kafin ya yi ɓarna. A injin turbo a cikakken totur, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Shi ne ke fara kashe inji a ƙasar nan, ba yawan dokin ba.

Oga Ƙofar Ƙaura: Injiniya ya faɗi abin da muke gani da ido. Akwai fistin a kan bencina yanzu haka, na wata mota da aka yi ma irin wannan aiki. Kan fistin ɗin duk ya yi ƙuraje, ka shafa da yatsa ka ji kaushi, gefen da ke kusa da bawul ɗin salansa ya zaizaye. Ɗan siririn ƙarfen nan da ke tsakanin ringi na farko da na biyu ya karye gida uku, yana zaune a wurinshi don silinda ce ta riƙe shi, da muka zaro fistin sai gutsattsarin suka zubo a tafin hannun yarona. Fulogin silindar kuma farin ya yi ɗigo-ɗigon ƙarfe masu walƙiya. Wannan naman fistin ne ya narke ya manne. Mai motar ya rantse mani bai ji komai ba. Ina zai ji, ya sa salansa mai ƙara, ga kiɗa.

Sarkin Wasa: Haba manya, kuna tsorata yaro. Mu da muke wasan mota fa? BMW ɗina E36 allura a ja take kwana, biki nawa na yi da ita, injin ko gezau. Kuma kowa ya san injin 2JZ na Toyota Supra ana kai shi 700, 800 ba a taɓa cikinshi ba. Ƙarfe ƙarfe ne. Mai EOD ɗaura abinka, rai dai.

Injiniya Ɗan Daura: Sarki, ai kai ka kawo hujjar da kanka. Me ya sa 2JZ-GTE ke ɗauka? Toyota ta gina shi da turbo tun daga masana'anta. Bulok ɗin ƙarfe ne, ba alminiyam ba. Matsinshi 8.5, an rage shi da gangan don a bar ma turbo wuri. A ƙarƙashin kowane fistin akwai ɗan bututu da ke fesa baƙin mai yana sanyaya shi. Suka sayar da shi a doki 320 a Amurka alhali an gina shi ya ɗauki fiye da haka nesa. Kuma masu 800 ɗin ba fetur ɗin gidan mai na kan hanyar Jibiya suke zubawa ba.

Ko a cikin gidan 2JZ ɗin ma ba duka ba ne. Na cikin Lexus GS300 da IS300 da ke yawo a garin nan 2JZ-GE ne, ba turbo, matsinshi ya kai 10 ko sama, kuma mai VVT-i ɗin (na'urar canja lokacin buɗe bawul) konrod ɗinshi, sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, sirara ne. Suna ɗaya, ciki daban. Mutane da yawa sun sayi wannan suna murna sun samu injin Supra.

Sarkin Wasa: To tawa fa da ba ta mutu ba?

Injiniya Ɗan Daura: Taka ba ka ƙara mata ƙarfi ba, wahala kawai kake ba ta, kuma birenbos yana yanke maka mai in ka kai iyaka. Ka bar wannan iyakar a inda take. Nauyin da fistin ke ɗora ma konrod in ya kai sama zai juyo, ba daidai da gudun inji yake ƙaruwa ba, ninkin kanshi yake yi. Daga 6,000 zuwa 7,000 ka ga kamar ƙari kaɗan ne, amma nauyin ya ƙaru da kashi 36 cikin ɗari. Kusoshin konrod ke ɗaukar wannan, suna miƙewa suna dawowa, ranar da ɗaya ya gaji konrod ta gefen bulok zai fito. K24 ma ya fi shiga wannan haɗarin, don tafiyar fistin ɗinshi doguwa ce, milimita 99. A 7,000 fistin yana yin kusan mita 23 a daƙiƙa.

Abin da zan ji maka tsoro a wasa shi ne mai. In kana juya mota wuri ɗaya, baƙin mai yana taruwa gefe ɗaya na botom filet, kaskon man da ke ƙasan inji, famfo ya shaƙi iska. Ga lagireto ba iskar da ke ratsa shi don ba gaba kake yi ba.

Oga Ƙofar Ƙaura: Metal ɗin E36 ɗin nan, bearin da karanshaf ke juyi a kai, ni zan canja shi, ina nan ina jira.

Sarkin Wasa: Baba ba da bakinka ba 😂

Mai Passat: Ni bari in ba ku nawa, don nawa injin da turbonshi ya zo. Passat B5, 1.8T, doki 150. Wani yaro mai laftof ya ce zai buɗe mata ƙarfi, ya sauko da wani fayil daga intanet ya zuba a birenbos. Gaskiya mota ta canja, ka taɓa totur kaɗan ta manna ka da kujera. Ran nan ina dawowa daga Kano, na wuce Kankiya kafin Charanci, tirela a gabana. Ina giya ta biyar, allura ba ta kai 2,500 ba, na taka har ƙasa don in wuce. Na wuce ɗin. Daga nan inji ya fara rawa, ba ƙara, ba hayaƙi, rawa kawai. Na lallaɓa na iso gida. Aka canja fulogi, aka canja kwayil, aka wanke nozul, rawa na nan. Sai da aka cire tof silinda aka juya inji, aka ga fistin na uku ba ya kaiwa sama daidai da 'yan'uwanshi. Konrod ya lanƙwashe. Da ido ba ka gani sosai, sai da aka kwantar da shi a kan gilashi aka ga haske na wucewa ta ƙarƙashi. Yaron kuma wayarshi ba ta sake shiga ba.

Injiniya Ɗan Daura: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Wannan sanannen ciwon 1.8T ne. Fistin ɗinshi da karanshaf suna da ƙwari, konrod ne rauninshi. Daga masana'anta ƙarfin juyinshi 210 Nm ne, masu harkar suna cewa in ya doshi 400 konrod ya shiga haɗari. Kuma ƙaramar turbon nan K03 da wuri take cika, sai ta jibga duk ƙarfin a ƙasan allura, lokacin da fistin ke tafiya a hankali, matsi ya daɗe a kanshi. Babbar giya, allura a ƙasa, totur har ƙasa, nan ne konrod ke shan mafi munin duka. Da a giya ta uku ka wuce tirelar, wataƙila da yanzu ba wannan labarin ake ba. Fayil ɗin kuma kusan tabbas don fetur mai octane 98 (ma'aunin yadda fetur ke jure finkin) aka rubuta shi, a ƙasar da zafin 25 ake kira bazara.

Baban Khalifa: Wai shi fetur ɗin namu nawa ne octane ɗinshi? Kullum sai a ce ba shi da kyau.

Injiniya Ɗan Daura: Ba lalle rashin kyau ba ne, kala ɗaya ne kawai. Namu wajen 90 zuwa 91 yake. A Turai ka tsaya gidan mai ka zaɓa, 95 ko 98. Mu abin da famfo ya ba ka shi ne. Ga na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka cikin rana, ba ka san me aka haɗa mashi ba. Ku tuna watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, motocin da ba a taɓa ba ma sun sha wahala. Injin masana'anta an bar mashi sarari don irin wannan rana, yana da na'urar da ke jin finkin ta sa birenbos ya ja taimin baya. Mai ƙara ƙarfi wannan sararin yake cinyewa.

Direban Mashi: To mu da aka mayar da motocinmu gas fa? Tun da aka cire tallafi a 2023 'yan'uwanmu da yawa can suka nufa.

Injiniya Ɗan Daura: CNG ba ya finkin da sauƙi, octane ɗinshi ya haura 120. Matsalarshi daban ce, ƙarfi kan ɗan ragu, kuma busasshe ne, mazaunin bawul ke jin jiki. A riƙa duba gibin bawul a kan kari. Amma wannan zance ne na wata rana.

Mai EOD: To yanzu in na ce zan yi shi yadda ya kamata, me da me ake buƙata bayan abin da abokina zai ba ni?

Injiniya Ɗan Daura: Abin da zai ba ka shi ne ɓangaren iska kawai. Ina ɓangaren mai? Nozul ɗin EOD an auna su don doki 160. A tafiyar yau da kullum inji na ƙona iska 14.7 a kan fetur 1. In turbo ta cika ana son ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, ƙarin fetur ɗin shi ke sanyaya kan fistin. In nozul da famfon mai suka gaza, wuta ta yi zafi, alminiyam kuma a wajen 660 yake narkewa, alhali hayaƙin da ke fita a cikakken totur yana haura 800. Don haka manyan nozul, babban famfo, fulogi masu sanyi, na'urar auna iska da mai a gabanka kana gani, intakula ta gaske ba 'yar ƙarama ba. Sannan birenbos da za a iya daidaitawa, irin su Haltech ko Link, da mutumin da ya san aikin, wanda zai rage taimin daidai da fetur ɗinmu, ba wanda zai kwafo fayil ba. Birenbos ɗin da ke motarka bai san akwai wani abu wai shi turbo ba.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an buɗe. Kowane ringi yana da ɗan gibi a bakinshi, don in ya yi zafi ya miƙe ya samu wuri. Honda ta bar gibin daidai zafin injin da ba turbo. Ka ƙara zafi, bakunan biyu su haɗu, ringi ba inda zai je sai ya tokare silinda ya ɓalle kan fistin. Shi ya sa masu yin aikin da gaske ke buɗe inji su goge bakin ringi da hannu su faɗaɗa gibin, ko su sa fistin da konrod na ƙira, waɗanda aka buga ba waɗanda aka zuba a mazubi ba.

Oga Ƙofar Ƙaura: Shi ma ɗin lita ɗaya da yake ƙarawa ai magana ce. Ko ringi sun gaji ko robar bawul. Man da ke shiga silinda yana ƙonewa shi kanshi yana jawo finkin. Ka ɗora turbo a kan gajiyayyen ringi, iska za ta bi ta gefe ta sauka ƙasa, ta busa maka mai ta kowane sil.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Duk kuna ta inji, ba wanda ya taɓo giya. Ni da nake sayar da kaya na san abin da ake zuwa nema. Otomatik ɗin EOD ba za ta ɗauki ƙarin doki 90 ta daɗe ba, faifan cikinta za su fara sulɓi, man giya ya ƙone ya koma baƙi. Sai ka mayar da ita manuwal, ka sa kuloci mai ƙarfi, daga nan shaf ya fara ƙara. Ka gyara wannan, wancan ya buɗe baki. Ni dai ba na ƙi, kasuwa ce.

Direban Mashi: Bakano ya ji ƙanshin ciniki.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ai ku Katsinawa ne ke ciyar da mu, Allah ya bar zumunci.

Injiniya Ɗan Daura: Sai kuma abin da na san ni da Oga ba za mu shirya a kai ba. Tamostan nan a mayar da ita, fanka ta koma kan na'urarta.

Oga Ƙofar Ƙaura: Na san za ka zo nan. Injiniya, kai takarda ka karanta, ni motoci na kwance. Tamosta ta maƙale a rufe a hanyar Daura da azahar, kafin direba ya lura allura ta hau, gasket ya tafi, tof silinda ya banƙare. Na ga wannan ba adadi. Mota ba tamosta ban taɓa ganin ta kashe inji rana ɗaya ba. Ƙasar sanyi aka yi ma ita.

Injiniya Ɗan Daura: Rana ɗaya kam ba ta kashewa Baba, a hankali take ci. Tamosta a wajen 80 take buɗewa, kuma don wannan zafin aka tsara gibin fistin da silinda. Da asubar hunturu a Daura, mota ba tamosta fanka na bugawa, har ka kai Mashi inji bai yi ɗumi ba. Birenbos na ganin sanyi yana ta ƙara fetur, fetur na wanke man da ke jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ringin da muke cewa sun gaji, wannan na cikin abin da ke gajiyar da su. Wadda ke maƙalewa kuma ko jabu ce, ko ruwan rijiyar burtsatse ne ya yi mata tsatsa da gishiri. A sa ta asali, a zuba kulan, a sa murfin lagireto mai riƙe matsi. Murfin nan mai matsin ba 1.1 shi ke hana ruwa tafasa sai ya doshi 120. Rabin motocin garin nan robar murfinsu ta mutu.

Oga Ƙofar Ƙaura: Ta asalin a ina? Ka nuna mani shagon. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ka saka wata uku ta kama. Ni abin da zan iya tsaya ma mai mota a kai nake yi.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ta jikin injin Beljiyam ta fi sabuwar kwali, wannan gaskiya ne. A jefa ta a tafasasshen ruwa a gani in tana buɗewa kafin a ɗaura.

Oga Ƙofar Ƙaura: Wannan na yarda. Amma a motar haya ba zan saka ba.

Baban Khalifa: Baƙin mai fa? Ni 20W-50 ake zuba mani a Camry tun da na saye ta, an ce shi ke jure zafinmu.

Injiniya Ɗan Daura: Tsakanin metal da karanshaf gibin bai kai kaurin gashin kai ba, wajen 0.03 zuwa 0.05 na milimita, kuma mai ne kaɗai ke raba su. EOD 'yar Amurka 5W-20 aka rubuta a murfinta. Ban ce a zafin nan dole sai shi ba, musamman tsohon inji, amma tsalle zuwa 20W-50 ya yi nisa, da safe kafin ya hau sama ya kai kamshaf da VTC, na'urar da ke canja lokacin buɗe bawul, an ɗan jima ana gugar ƙarfe. In turbo ce kuma, ingancin man ya fi kaurinshi muhimmanci. Sandar turbo tana juyi sama da 100,000 a minti, a jikin salansa mai zafi. Ka zo a guje ka kashe mota nan take, man da ya tsaya a ciki ya soye ya zama gawayi. Alhaji mai Passat, ka sa a duba ragar famfon mai taka, 1.8T na Passat da Audi A4 sun shahara da toshewa da dattin mai.

Camry ɗinka wace ce Baban Khalifa?

Baban Khalifa: Big Daddy, 2004, 2.4.

Injiniya Ɗan Daura: To kai ko da wasa kada ka bari ta yi zafi. Injinta 2AZ na waɗannan shekarun, zaren da kusoshin tof silinda ke kamawa a cikin bulok yakan zare, galibi na baya ta gefen manifol ɗin iska. Sai a yi ta canja gasket yana sake ƙonewa, alhali ƙusar ce ba ta kama komai.

Oga Ƙofar Ƙaura: Ƙwarai kuwa. Kana ɗaurewa ka ji ta tafi salalaf. Sai an kai an sa mata sabon zare.

Malam Na Sabuwar Unguwa: Ni ba makaniki ba ne, amma ina karantawa tun ɗazu ban ji an ambaci birki da taya ba. Motar da za a ƙara ma gudu a titin da 'yan makaranta da masu a-daidaita ke bi. Ku duba shekarar tayoyinku, lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Yawancin tayoyin Beljiyam sun tsufa kafin su iso. Masu wasa a wurin biki kuma ku ji tsoron Allah da rayukan mutane.

Sarkin Wasa: An ji Malam. Mu fili muke nema bayan gari.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Mai EOD, in ba ka shawarar da za ta hana ni ciniki. Doki 250 kake nema ko? EOD mai V6 daga masana'anta 240 take. Sayar da taka ka cika kuɗi ka sayi V6, ka samu abin da kake so da sanyin AC, ba wanda ya taɓa maka waya ko ɗaya. Sai dai ka nemi 2006 ko 2007. Na 2003 da 2004 giyarsu ta ba da matsala har Honda ta kira su gyara a 2004 saboda giya ta biyu na yin zafi. Kuma ita bel ne da ita ba sarƙa ba, ka canja taimin bel ranar da ka saya, kada ka yarda da an ce an canja.

Mai EOD: Wallahi maganarka ta shige ni Alhaji. Amma gaskiya ba lambar kawai ba ce, kukan turbon nan in an saki totur shi ke raina.

Sarkin Wasa: Yauwa ɗan gari! Faɗa masu.

Injiniya Ɗan Daura: Ba laifi ba ne, kowa da abin da ke burge shi. In haka ne ka nemi motar da ta zo da turbonta, ka bar ta kusa da yadda take, ka kashe kuɗin a kan intakula da lagireto da mai mai kyau. In kuma lalle sai K24, to kada ta zama motar da kake zuwa aiki da ita, ka tsaya ƙasa da rabin ba, kuma kuɗin wani injin su kasance a ajiye. Tambaya ɗaya ma, shi abokin naka me ya sa ya cire kayan?

Mai EOD: Ya ce mani sayar da motar zai yi, masu saye sun fi son ta yadda ta zo.

Oga Ƙofar Ƙaura: Tambaye shi injin da ke cikinta yanzu shi ne wanda ya ɗaura ma turbon?

Mai EOD: Na kira shi. Ya ce a'a, ya sa wani daga kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja watan jiya, wai wancan dama ya tsufa.

Direban Mashi: 😂😂😂 Dama ya tsufa!

Sarkin Wasa: In ba ka so ka haɗa ni da shi, ni ina so. Akwai wata tsohuwar Civic a gidanmu da ba ta da aikin yi.

Injiniya Ɗan Daura: Sarki in za ka saya, kama sandar turbon da yatsa ka girgiza. Motsi kaɗan gefe da gefe ba komai, amma in tana shiga tana fita, ko fukafukan sun taɓa jikin gidan, ta gama. Injin da ya farfashe yakan tura gutsattsarin ƙarfe ta cikinta, har intakula sai an wanke.

Mai EOD: Baba, ko turbo ko ba turbo ina son a duba mani shan man nan. Yaushe zan kawo ta?

Oga Ƙofar Ƙaura: Asabar da hantsi. Ka ɗan zagaya da ita Ring Road ta yi ɗumi kafin ka shigo, da zafinta ake auna kwamfireshan. In silinda huɗun ba su bambanta da fiye da kashi goma ba sai mu duba robar bawul da PCV, ɗan bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin inji. Kuma kada ka yi juye kafin ka zo, man da ke cikinta nake son gani.